Ɗakin Gobe-da-Nisa: Abin da Bincike Ya Gano Game da Aikin Nas

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, da wuya a sami wanda bai taɓa jin an ce an kai wane ɗakin gobe-da-nisa ba. Da jin haka sai jikin kowa ya yi sanyi, domin sunan kansa yana nuna an fid da rai. To, amma sunan da ma'aikatan asibiti suka ba wannan wuri shi ne ɗakin kulawa ta musamman. A nan ake kwantar da wanda ciwo ya tsananta gare shi har wani sashe na jikinsa, kamar huhu ko zuciya ko ƙoda, ya fara gazawa. Ana tallafa wa sashen nan da magani da na'ura har ya sami ƙarfin komawa bakin aikinsa.

Wanda ya leƙa ɗakin, na'urori ne za su fara ɗauke masa hankali, wannan tana ƙara, waccan tana walƙiya, sai ya zaci su kaɗai ke riƙe da majinyaci. Binciken da masana suka yi shekara da shekaru ya nuna ba haka abin yake ba. Sau da yawa abin da ke raba wanda ya tashi da wanda bai tashi ba shi ne nas ɗin da ke tsaye a bakin gado, da yawan majinyatan da aka ɗora mata, da waɗansu ƙananan ayyuka da take yi a kan kari. Wannan shi ne darasinmu na yau.

Asalin Ɗakin

A shekarar 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, wata Baturiyar Ingila mai suna Florence Nightingale ta tafi da nas-nas 38 asibitin sojoji da ke Sukutari, a cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ana danganta mata dabarar kwantar da waɗanda suka fi jin jiki kusa da mazaunin nas-nas, domin ido ya riƙa kai wa gare su dare da rana. Ta kuma riƙa rubuta adadin waɗanda suka mutu da dalilin mutuwarsu, har ta nuna wa hukuma da alƙaluma cewa cututtuka sun fi harsashi kashe sojoji.

Ɗakin kulawa ta musamman irin na yanzu kuwa, daga Kofanhegan, babban birnin ƙasar Denmak, ya samo asali. A shekarar 1952 annobar shan inna ta ɓarke a birnin. Ita wannan cuta takan shanye naman da mutum ke numfashi da shi, ga shi kuwa asibitin Blegdam, inda ake kai masu ita, ba shi da isassun na'urori. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya gaza, 27 suka rasu. Sai wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaron majinyaci a sa bututu, a riƙa matsa masa iska cikin huhu da wata jakar roba. Da yake babu injin da zai yi matsawar, sai aka kira ɗaliban likitanci kimanin 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa, suna matsa jakar da hannu ba dare ba rana, mako da makonni. Mace-macen da a da suka kusan kashi 90 cikin 100 suka faɗo ƙasa da rabi. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan majinyata. Ku lura, tun ran gini tun ran zane: hannun mutum da idonsa aka fara da su kafin inji ya zo.

Yadda Ake Binciken

Kafin mu ci gaba ya kamata mu san yadda masana ke gane ko wata dabara tana da amfani. Hanya mafi inganci ita ce a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada son zuciya ya shiga. A yi wa gida ɗaya sabuwar dabara, ɗayan kuma a bar shi a kan yadda aka saba, sa'an nan a ƙidaya nawa suka warke, nawa suka rasu, kwana nawa suka yi a kwance. Inda ƙuri'a ba za ta yiwu ba, sai a tattara bayanan dubban majinyata daga asibitoci da yawa a gwama. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Nas Ɗaya, Majinyata Nawa?

A 2002 wata shehiyar malama a fannin aikin jinya, Linda Aiken, ta fitar da sakamakon binciken da ita da abokan aikinta suka yi a asibitoci 168 na Jihar Fensilbeniya ta Amurka. Sun duba mutanen da aka yi wa tiyata, suka tarar duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. A 2014 aka sake irin wannan bincike a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, aka sami daidai wannan adadi. Har ila yau aka ga mace-mace sun fi ƙaranci a asibitocin da ke da yawan nas-nas masu digiri.

Waɗannan a ɗakunan kwanciya na yau da kullum ne. A ɗakin kulawa ta musamman abin ya fi haka tsanani. Wani bincike da aka buga a 2015, daga irin waɗannan ɗakuna 8 a birnin Liyon na Faransa, ya nuna cewa a lokutan aikin da majinyata suka haura biyar ga kowaɗanne nas biyu, haɗarin mutuwa yakan ninka sau uku da rabi. Dalilin a fili yake. Hawan jini ko numfashin mai matsanancin ciwo yana iya sauyawa cikin 'yan mintoci, in nas tana can wajen wani gado, kafin ta juyo lokaci ya ƙure. Taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka ne a Ingila ƙa'ida ita ce duk wanda ke kan injin numfashi a ba shi nas tasa shi kaɗai.

Ƙananan Ayyuka Masu Ceton Rai

Akwai wata siririyar roba da ake zura wa majinyaci a babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji domin ba shi magani. Tana da amfani ƙwarai, amma ƙwayoyin cuta suna iya binta su shiga jini. Wani likita na Jami'ar Johns Hopkins, Peter Pronovost, ya rubuta abubuwa biyar a takarda: a wanke hannu, a sa hula da takunkumi da riga da safar hannu, a kuma lulluɓe majinyaci da ƙyalle mai tsabta, a goge fatarsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a guji sa robar a matsematsi, a cire ta da zarar an daina bukatarta. Babu sabon abu ko ɗaya a ciki, kowane likita ya san su. Sabon abin shi ne an ba nas iko ta dakatar da likita, kome girmansa, in ta ga ya tsallake ɗaya. Aka gwada haka a ɗakuna 103 na Jihar Mishigan, sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna irin wannan cutar jini ta ragu da kusan kashi 66 cikin 100.

Wanda ke kan injin numfashi kuma yana cikin haɗarin kamuwa da ciwon huhu, wato nimoniya, domin ruwan ciki da miyau masu ɗauke da ƙwayoyin cuta sukan gangara cikin huhunsa. A 1999 masu bincike a Basalona ta ƙasar Sifen suka raba majinyata 86 gida biyu. Waɗansu aka bar su kwance rigingine, waɗansu aka ɗaga kan gadonsu suka zama kamar a kishingiɗe. Cikin na kwance kashi 23 cikin 100 aka tabbatar sun kamu da ciwon huhu, cikin na kishingiɗe kuwa kashi 5 kacal. A 2023 kuma masana suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 15, suka ga goge wa majinyaci haƙora da buroshi kullum yana rage ciwon huhu, har ma da mace-mace a ɗakin kulawa ta musamman.

Sai kuma kwanciyar rubda ciki. Idan huhu ya kumbura ya cika da ruwa, mutum kuma yana rigingine, nauyin zuciya da na ciki yakan danne bayan huhun, alhali nan ne ya fi faɗi. In aka kifa shi, sai wurin ya buɗe, iska ta shiga. A 2013 aka buga wani gwaji da aka yi a Faransa da Sifen kan majinyata 466. Waɗanda aka riƙa kifawa aƙalla awa 16 a jere, kashi 16 cikin 100 suka rasu cikin kwana 28. Waɗanda aka bari rigingine kuwa, kusan kashi 33. Juya mutumin da ke da bututu a maƙogwaro da robobi a jijiyoyi aiki ne na mutum huɗu ko biyar, kuma bayan an juya shi nas ce za ta riƙa duba fuskarsa da ƙirjinsa kada su yi gyambo. Wannan dabara ta yi amfani ƙwarai a duniya lokacin annobar korona a 2020.

Barci da Motsi

A da akan ɗura wa wanda ke kan injin numfashi maganin barci mai yawa, ana ganin tausaya masa ke nan. A shekarar 2000 likitoci a Shikago suka gwada tsayar da maganin sau ɗaya kowace rana har majinyaci ya farka. Cikin mutum 128, waɗanda aka riƙa farkarwa sun rabu da injin bayan kimanin kwana 5, sauran kuwa sai da suka haura kwana 7. A 2009, a wani gwaji kan mutum 104, aka riƙa zaunar da majinyata, ana motsa musu gaɓoɓi tun suna kan inji. Kashi 59 cikin 100 nasu sun bar asibiti suna iya tafiya da yi wa kansu hidima, a ɗaya gidan kuwa kashi 35.

Amma shi bincike ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2012 wani gwaji a Kanada da Amurka ya nuna cewa inda nas-nas suka riga suka saba auna zurfin barcin majinyaci kowace awa suna rage magani, tsayar da shi kullum ba ya ƙara kome sai aiki. A 2022 wani kuma, wanda masanan Ostireliya suka jagoranta kan mutum 750, ya nuna matsa wa majinyaci da motsi fiye da yadda aka saba bai ƙara masa kwanakin lafiya a gida ba, sai ma ya ƙara 'yan matsaloli irin su faɗuwar hawan jini. Abin da aka fahimta daga duka shi ne kada a nutsar da mutum cikin barci, kada kuma a bar shi sanƙame a gado, amma a bi shi gwargwadon ƙarfinsa. Wanda zai iya gane gwargwadon nan kuwa shi ne wanda ke tare da shi yini guda.

Hankalin Majinyaci da Danginsa

Yawancin waɗanda ke kan injin numfashi sukan sami ruɗewar hankali. Mutum ya kasa gane inda yake, ko ya riƙa ganin abin da babu, ko ya yi shiru kamar mai barci. A 2001 masana a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka tsara wata gajeriyar jarrabawa da nas za ta yi wa majinyaci cikin 'yan mintoci, ko da ba ya iya magana, ta hanyar sa shi ya matsa mata hannu ko ya gyaɗa kai. A 2004 suka nuna cewa waɗanda suka sami ruɗewar nan haɗarin mutuwarsu cikin wata 6 ya ninka na sauran kusan sau uku. Saboda haka yanzu ana koya wa nas ta riƙa gaya wa majinyaci rana da wurin da yake, ta buɗe masa labule da safe, ta rage fitila da hayaniya da dare, ta mayar masa da tabaransa in yana da shi.

Batun masu dubiya kuma, an daɗe ana taƙaita su don tsoron kada su shigo da cuta. A 2019 aka buga wani gwaji daga ɗakuna 36 na ƙasar Barazil, inda aka bar dangi na kusa su zauna har awa 12 a rana, bayan an koya musu wanke hannu da dokokin wurin. Ruɗewar hankali ba ta ragu sosai ba, amma cututtuka ba su ƙaru ba, su kuwa dangin damuwarsu da fargabarsu sun ragu.

Mu Nan Afirka Fa?

A 2021 aka buga wani bincike kan mutum 3,140 da korona ta tsananta gare su a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka 10, har da Nijeriya da Nijar. Kashi 48 cikin 100 nasu sun rasu cikin kwana 30, adadin da ya zarce na sauran duniya. A 2025 wani ya fito, kan majinyata kusan 20,000 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. An tarar ɗaya cikin kowaɗanne takwas yana cikin matsanancin hali, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan ya rasu cikin mako guda. Abin da ya fi jan hankali shi ne kusan kashi 70 cikin 100 nasu a ɗakunan kwanciya na kowa da kowa suke, kuma fiye da rabinsu ba su sami taimako mai sauƙi da suke bukata ba, irin su iskar oksijin, da ƙarin ruwa, da gyara wa wanda ya suma kwanciya don kada numfashinsa ya toshe. Ashe ke nan a wurinmu, kafin a kai ga maganar inji mai tsada, akwai rayuka da yawa da ke hannun nas mai lura.

An ga misalin haka a gida. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa a yatsa ta nuna yawan oksijin da ke cikin jini. A wani bincike da aka buga a 2019, an kai ta asibitoci 12 na kudu maso yammacin Nijeriya, aka koya wa nas-nas aiki da ita, aka kuma gyara hanyar samar da oksijin. Mutuwar yara masu ciwon huhu ta ragu ƙwarai in aka gwama da yadda take a da. Sai dai a 2020 masana a Jami'ar Mishigan suka gano wannan na'ura ta fi yin kuskure a kan baƙar fata. A lokutan da ta nuna kamar lafiya lau, gwajin jini ya nuna oksijin ya yi ƙasa ƙwarai a kusan kashi 12 cikin 100 ga baƙaƙe, ga farare kuwa kusan kashi 4. Don haka nas ɗinmu ba za ta dogara ga lambar da ta gani kaɗai ba, sai ta ƙirga numfashin majinyaci, ta dubi harshensa da leɓɓansa, ta yi masa magana ta ji yadda zai amsa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Iyayenmu, in an ga maras lafiya yana numfashi da sauri, ko ya fara sambatu, ko ya kasa shan ruwa, ko hannuwansa sun yi sanyi ƙalau, a garzaya da shi asibiti, kada a bari sai gobe. In an kwantar da shi, dubiya abu ne mai kyau, amma a bi dokar wurin: a wanke hannu, a shiga ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, kada a sauke kan gadon da nas ta ɗaga, kada kuma a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko kunu ko jiƙo, domin zai iya sarƙewa abin ya faɗa huhunsa. In kuma aka ga wani sauyi a jikinsa, a gaya wa nas nan da nan.

Mu kuwa ɗalibai, maza da mata, duk wanda ke sha'awar wannan aiki sai ya ɗaura ɗamara tun yanzu. Makarantun koyon aikin jinya a Nijeriya suna neman kiredit a Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kimistiri, da Bayoloji, bayan an gama kuma akwai ƙarin kwas na ƙwarewa a kula da masu matsanancin ciwo. Kada wani ya raina mana aikin da cewa wai ba da allura ne da gyaran gado. Mun dai ga yadda ɗaga kan gado ya hana ciwon huhu, da yadda nas da ta ce wa likita "dakata" ta hana cutar jini. Yawancin binciken da muka ambata a Turai da Amurka aka yi shi, na asibitocinmu kuwa yana nan yana jiran masu yi. Iyaye su taimaka su bar 'ya'yansu, musamman mata, su kai ƙarshen karatunsu, domin gadajen asibitocinmu suna bukatar masu tsayawa a bakinsu, masu ilmi da lura, waɗanda kuma za su yi wa majinyaci magana da harshen da yake ji.